Me ya ɗaga Kim So-yeong a badminton?

Tambaya: Ina bibiyar badminton na mata bibbiyu. Me ya ɗaga Kim So-yeong ta Koriya ta Kudu haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, dacen abokiyar wasa ne. A lokacin da suke wasa tare, ita da Kong Hee-yong sun raba aiki: Kong na baya tana sauke bugu mai ƙarfi, Kim na bakin raga tana kashe duk ƙwallon da ya dawo da rauni. Haka suka samu tagulla a Olamfik ta Tokyo, azurfa a gasar duniya ta 2022, sannan kofin All England, babbar gasar badminton da ake yi a Ingila, a 2023. Matsalar tsarin ita ce in aka tilasta musu ɗaga ƙwallo sama, dole su koma gefe da gefe suna kariya, harin ya koma hannun abokan karawa.