Mu ma 'yan zango da konsat muka tashi

Assalamu alaikum ɗana. Ina fatan kowa lafiya a Kano, a gaishe min da mahaifiyarka da ƙannenka.

Mutumin da ka gani a bidiyon nan, mai agogon bango ɗaure a wuyan hannu da ƙaton tabarau, Bob Okala ne, ya rasu a 2016. Wasan da yake yi sunansa Concert Party, a bakin jama'a konsat kawai ake cewa. Ka ce in gaya maka ko wane irin wasa ne, kuma wai mu Hausawan zangon Kumasi, wato unguwar baƙi 'yan arewa a nan Gana, muna zama mu kalli irin wannan? Muna kallo ƙwarai. Ba mu muka ƙirƙire shi ba, amma ba baƙonmu ba ne.

Tushensa daga Amurka yake. Can suna da wani wasan dandamali da ake kira bodibil, wanda ya yi tashe daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajen 1930: mawaƙi ya hau ya sauka, mai rawa ya karɓa, mai barkwanci ya biyo baya, duk a zama ɗaya. Majigi da faifan garmaho da matuƙan jirgin ruwa ne suka kawo shi bakin tekun Gana. Wajen 1918 wani shugaban makaranta a Sekondi, Teacher Yalley, ya fara kwaikwayonsa da Turanci don manyan gari masu kwat da wando. A tsakiyar shekarun 1920 wasu baƙaƙen Amurka biyu, Glass da Grant, suka zo suka yi wasa a Akra, samari suka ƙara ganin yadda ake yi. Wanda ya sauko da wasan wajen talaka shi ne Bob Johnson, kuma ƙungiyarsa ta Axim Trio har Najeriya ta je a 1935. Mutum uku ne ginshiƙin wasan: mai gida ɗan gayu, da namiji da ya yi shigar mace, da yaron gida mai wayo da kwaɗayi da ake kira Bob. Mutanen ƙasar suka ga Bob suka gane shi nan take, don halinsa halin Ananse ne, gizo-gizon tatsuniyarsu, wato dai Gizon da kakarka ke ba ku labari. A 1952 E.K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya mayar da wasan gaba ɗaya cikin Tonanci, wato Twi, harshen Asantawa, ya haɗa shi da kiɗan jita na hailaif. Daga nan konsat ya zama na kowa.

Wanda na tarar ina saurayi shi ne na yawo gari-gari. Tun da rana za ka ga an jingina manyan allunan katako a bakin tasha, an zana dodo ko maciji ya naɗe mace, babbar mota tana zagaya gari da lasifika. An fi yi da kakar koko, lokacin da aljihun manoma ke da nauyi. A farfajiyar silima ko wani gida mai katanga ake yi. Makaɗa su fara, a yi ta rawa har dare ya tsala, sannan masu barkwanci su fito, sannan babban wasan, wanda kan kai goshin asuba.

Babban wasan nan shi ne abin da bidiyon minti biyu ba zai nuna maka ba. Yawanci labarin marainiya ne a hannun kishiyar uwa, ko rigimar gado. Marainiyar tana tsaka da magana sai ta ɓarke da waƙa, jita na binta a hankali. Na ga mace 'yar kasuwa ta taso daga benci tana share hawaye da bakin zane, ta hau dandamali ta miƙa wa marainiyar burodi, ta manna mata kuɗi a goshi, alhali ta san ƙaton namiji ne cikin ɗankwali. Kishiyar uwar kuwa zagi take sha daga kowane lungu. A nan da yawa daga cikinmu muka fara fahimtar zaman maƙwabtanmu. Mu mun tashi da rabon gado na shari'a, su kuwa Asantawa a al'adarsu gado ta wajen uwa yake bi, ɗan 'yar'uwa ya gaji kawunsa, matar mamaci da 'ya'yanta su iya tashi hannu rabbana. Sai da na ga an yi kukan wannan a dandamali na san nauyinsa a zuciyar abokan da muke cin kasuwa ɗaya.

Game da tarbiyya da ka tambaya, iyayenmu da malamai ba su taɓa sa wa abin albarka ba, kuma suna da hujja: dare ne, ana sayar da giya, ga maza cikin kayan mata. Budurwar zango ba ta zuwa. Samari ne ke sulalewa bayan isha'i, su dawo kafin kiran assalatu. Amma bakin ƙofar wajen namu ne. Mai shayi da mai tsire da mai wake da shinkafa, kusan duk 'yan zango ne, kuma wanda ya fito da asuba kokonmu da ƙosanmu yake karyawa da su.

Akwai abin da ke ci mana rai, ba zan ɓoye maka ba. In aka fito da ɗan arewa a wasan, sau da yawa maigadi ne da sanda da tsohuwar kwat, yana kwaɓa Tonanci, yana jefa kalmar Hausa ɗaya biyu, jama'a na kwashewa da dariya. Zango kuwa ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Wangara da Kotokoli, amma duk kwando ɗaya aka zuba mu. Kana zaune a benci za ka ji ana waiwayenka. Haka kuma shafa baƙi a fuska da zagaye baki da farin alli da 'yan wasan farko suka ɗauko daga majigi: a Amurka izgili ne ga baƙar fata, ko da yake na nan ba da wannan nufin suka yi ba. Duk mai son farfaɗo da konsat, waɗannan biyun ya bar su inda suke.

Abin ya durƙushe a farkon shekarun 1980. Tattalin arziki ya lalace, mota ba taya ba mai, kayan kiɗa sun yi tsada, sannan bayan juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981 aka sa dokar hana fitar dare ta fiye da shekara biyu. Sana'ar dare ba ta rayuwa a haka. Bidiyo ya zo ya ƙarasa ta.

Farfaɗowar ta zo ne a tsakiyar shekarun 1990, a babban gidan wasan ƙasa da aka buɗe a Akra a 1992. Kamfanin Unilever ya ɗauki nauyi da sunan sabulunsa, aka kira shirin Key Soap Concert Party, gidan talabijin na ƙasa yana nunawa. A nan Bob Okala da Nkomode da Santo da Agya Koo suka shiga kowane gida. A nan ne ma matan zango suka fara ganin konsat da idonsu. A gidan hayarmu talabijin ɗaya ce, a fito da ita tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, tsofaffin da suka hana mu zuwa a da su ne a sahun gaba, jika na fassara wa kaka abin da ya wuce ta.

Na ji daɗin dawowar, don ta rufa wa 'yan wasa da yawa asiri, wasunsu kamar Agya Koo da Akrobeto daga nan suka wuce finafinan Kumasi. Sai dai talabijin awa take ƙirgawa. Barkwancin ya yi ƙiba, doguwar waƙar marainiya ta rame, mai kallo kuma yana kan kujera nesa da dandamali, ba halin ya hau da burodinsa. Masu yi a waya yanzu sun ƙara gajarta shi. Duk da haka ina bibiyar yaranmu na zango da ke ɗora nasu barkwancin a Facebook da TikTok, suna cakuɗa Hausa da Tonanci da Turancin kasuwa yadda muke magana a titi. Da yawansu ba su san sunan Bob Johnson ba, amma yaron gida mai wayo da mai gida ɗan gayu suna nan a wasanninsu, kuma in maigadi ya fito, Hausa yake yi tsaf, shi ke ba da amsar da ake yi wa dariya.