Kwakwa ba ta gina jiki kamar yadda ake faɗa

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ɗanki ɗan wata 14 ya ƙi ƙiba, an ba ki shawarar ki riƙa ba shi madarar kwakwa wai tana gina jiki. Ni ma na bi ta nan.

Lokacin da na yaye 'yata ta biyu, duk sati sai maigida ya biya ta kasuwar 'Yan Lemo ya sayo min kwakwa. In kankare, in markaɗa, in tace, in dama mata kunu da ita. Yarinya tana sha har da lashe cokali, amma wata biyu muna zuwa awo, nauyinta na nan inda yake. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da ni ta ce: "Maman yara, mai kike ba ta, ba abin gina jiki ba."

Daga baya na tabbatar da maganarta. A giram 100 na ɗanyar kwakwa, furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, bai wuce giram 3 da ɗoriya ba, mai kuwa ya kai giram 33. Idan kin tace ta kin ƙara ruwa, abin ya ƙara raguwa. Gyaɗar da muke rainawa tana da wajen giram 25, waken suya kusan 36, ƙwai ɗaya tal giram 6. Ga kwakwa da tsada, tunda daga kudu ake kawo ta, gyaɗa da wake kuwa ga su jibge a Dawanau.

Sai na koma soya gero, waken suya da gyaɗa, in kai inji a niƙa, in riƙa dama mata safe da yamma. Da rana faten wake ko awara, ƙwai idan an samu, wani lokacin in daka busasshen kifi in barbaɗa a miya. Kwakwar ban daina ba, cokali biyu a kunu saboda ƙamshi, kuma man nata yana ƙara kuzari.

Don Allah kar ki ba shi gutsuren kwakwa ko kwakumeti a wannan shekarun, yana iya shaƙe shi. Idan yana shan nono ki ci gaba har shekara biyu, madarar kwakwa ba ta maye gurbinsa. In kuma nauyin bai motsa ba zuwa awo na gaba, ko kika ga ƙafafunsa sun kumbura, ki kai shi asibiti a auna damtsensa. Allah ya raya mana.