Wushiryar Inna da maganar auren gida

Uwata, saƙonki ya same ni bayan la'asar. Na yi dariya da kika tambaya ko 'ya'yanku za su gaji wushiryar Inna idan kika auri ɗan Baffanki, tunda ku biyun jikokinta ne. Da na kai inda kika ce ƙawarki ta gaya miki auren zumunci ne ke kawo sikila, kuma har yanzu ba ku je gwaji ba, sai dariyar ta tsaya.

A zamaninmu auren gida abin alfahari ne, tuwona maina ake cewa. Amma kada ki ɗauka da ka ake yinsa. Ko bare ne ya zo neman aure, sai an tura dattijo garinsu ya yi bincike: akwai hauka a gidan? Akwai farfaɗiya? Kakanmu manomi ne, yakan ce wanda bai duba iri ba kada ya zargi gona. Yana kuma yawan cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sun san jini yana bin jini. Abin da ido bai gani ne ya fi ƙarfinsu.

Ina da shekara 14 aka kai ni zaman ɗaki wajen yayarmu, wadda aka aurar wa ɗan gwaggonmu. Ta riga ta binne biyu, shi ya sa na ukun ake kiransa Ajuji, wai ko mutuwa ta raina shi ta bar mata. Wani daren hunturu ya farka da kuka. Shekararsa uku. Na ɗaga fitilar ƙwai na ga hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ko zani ya taɓa shi sai ya ƙwalla ƙara. Muka hura garwashi a kasko, aka shafa masa man kaɗanya, aka ba shi rubutu, aka yi hayaƙi har ɗakin ya turnuƙe. Yaya ta rungume shi tana jijjigawa, ba ta kuka, leɓenta kawai ke motsi. Daga tsakar gida ina jin surukarta tana cewa wabi ne, wanda ya tafi ne yake dawowa. Ya kai asuba a daren, amma bai ga damina ba. Har Yaya ta rasu ana kiranta mai wabi, mijinta kuwa ba wanda ya taɓa ɗora masa komai.

Sai da na shiga makarantar koyon jinya na ga abin da idona. Aka ɗiga jinin wani yaro a gilashi, na leƙa madubin likita, sai ga ƙwayoyin jini sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama kewayayyu. Su ne ke toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya kama ciwo. Ajuji ne ya faɗo mini a rai, na fita waje na zauna.

Malaminmu ya ce kowane ɗan Adam yana da zaren gado 46 a ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka ƙwayoyin gado biyu-biyu suke, wata ta fito fili, wata ta kwanta. Ya ba mu labarin Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau, wanda ya fitar da bincikensa a 1866. Ya haɗa dogon wake da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da aka kai ga jikoki, sai gajeren ya sake ɓullowa, kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe bai ɓace ba, kwanciya ya yi.

Haka sikila take. Mai AS, wato wanda ya gaji lafiyayyar ƙwaya A daga ɗaya cikin iyayensa da ƙwayar sikila S daga ɗayan, lafiyarsa ƙalau, har ma ƙwayar S ɗin tana ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashenmu. Amma idan AS ta auri AS, kowane ciki yana iya zuwa da SS, wato mai sikila, ɗaya bisa huɗu. Ki lura, kowane ciki na ce. Lissafin sabo yake komawa, yana iya faɗa wa uku a jere kamar yadda ya yi wa Yaya. Kuma rabi daga wajen miji ya fito.

To ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Zumunci ba ya ƙirƙirar cuta. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, don haka bare ma ba tsira ba ne. Sai dai ɗan wa da 'yar ƙane sun haɗa kusan kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, abin da ya kwanta a jinin kaka ya fi saurin haɗuwa da ɗan'uwansa a wajensu.

Abin da ke ɓata mini rai da ku yaran yanzu, kuna da abin da kakanninmu suka rasa, amma sai an gama lefe, an sa rana, an ɗauki hotuna an watsa a waya, sannan a tuna da asibiti. A lokacin zuciya ta riga ta ƙulla, wasu har takardar ƙarya suke nema. Sai da ta kai jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Da Kakanmu ya ga wannan gwaji, da kansa zai riƙe hannunku ya kai ku.

Ki je ki yi naki, shi ma ya yi nasa, a asibitin da aka yarda da shi, tun kafin Baffanki ya aiko da goro. Ki kawo mini takardun biyu ranar Juma'a mu duba tare. Wushirya kuwa ba ta bin wancan lissafi sak. Mu bakwai Inna ta haifa, ni da babanki kaɗai muka samu.