Ku Tambaya Mu Amsa: Masu Son Waƙar Koriya da Bakin Mutane

Wasiƙun wannan watan da dama daga Kebbi da Zamfara suka fito, kuma maganarsu ɗaya ce: waƙar Koriya ta Kudu da ake kira K-pop, da irin kallon da ake yi wa mai sauraronta. Ga huɗu daga ciki.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, shekarata 19, ina sauraron ƙungiyoyin mawaƙan Koriya, BTS da Blackpink. Ƙawayena na ɗakin kwana sun laƙaba mini 'yar China. Da na kunna waƙa sai su kama gwaranci suna dariya, wai mi nike ji cikin abin da ban san ma'anarshi ba. Yaya zan yi da su? Ɗaliba, Gusau.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tsokanar ƙawaye takan mutu idan ta rasa abinci, kuma abincinta fushinki ne da dogon bayani. Ki ba su amsa sau ɗaya, a natse. Koriya ba China ba ce, harshe daban, rubutu daban. Rubutunsu Hangul haruffa 24 ne, Sarki Sejong ya ƙirƙiro shi a 1443, kuma mai naci yakan iya karanta shi cikin mako guda. Samsung da LG da Hyundai da Kia duk daga can suke. Batun rashin jin harshe kuwa, iyayenmu mata sun haddace waƙoƙin fina-finan Indiya tun kafin a fara fassara su da Hausa, babu wanda ya ce sun zama Indiyawa.

Amma ki duba naki ɓangaren. Ɗakin kwana na kowa ne, don haka ki sa abin kunne maimakon buɗe murya. Kada ki riƙa tura wa mutum bidiyo a fuska kina cewa sai ya kalla. Ki kuma rage jefa kalmomin Koriya irin su "oppa" da "saranghae" cikin hira da wanda bai san su ba, domin wannan ne ya fi jawo sunan da suka sa miki. Ki karanta fassarar kowace waƙa kafin ki haddace ta, saboda ki san abin da bakinki yake furtawa. Idan sunan ya ci gaba da ci miki rai, ki sami wadda ta fi zaƙewa ita kaɗai ki gaya mata. A gaban jama'a ba za ta janye ba, a keɓe yawanci takan ji kunya.

Malam, 'yata mai shekara 15 ta cika bangon ɗakinta da hotunan samarin Koriya masu kwalliya kamar mata. Na ji tana kiran su "idol", na bincika aka ce gunki ke nan. Maƙwabta sun fara yi wa mahaifiyarta magana. In ƙwace wayar ne? Mahaifi, Birnin Kebbi.

Alhaji, damuwarka a kan hanya take, sai dai a raba ta gida-gida don kada a yi maganin abin da ba shi ne ciwon ba.

Kalmar a Turanci asalinta gunki, gaskiya ne. A masana'antar waƙar Koriya kuwa ana nufin mawaƙin da kamfani ya ɗauka tun yana ƙarami, ya horar da shi waƙa da rawa, wani lokaci shekaru, kafin a fito da shi cikin ƙungiya. 'Yarka ba bauta take nufi ba. Duk da haka kalma ce da ba ta dace da bakin 'yar Musulmi ba, kuma da ka bayyana mata asalinta cikin lalama za ta koma cewa mawaƙi. Kwalliyar mazan ma adon dandali ne da al'adar kasuwarsu. Su bakwai na BTS, da suka fara a 2013, duk sun yi hidimar ƙasa ta tilas: babbansu Jin ya shiga soja a Disamba 2022, na ƙarshensu ya gama a Yuni 2025. Idan ka buɗe magana da zagin su, za ta rufe kunne daga nan, domin ta san abin da ka faɗa ba haka yake ba.

Inda ya kamata ka sa ido shi ne lokaci da kuɗi da abin da ido yake gani. An gina masana'antar ne don ta riƙe masoyi: a maimaita kallon bidiyo domin adadi ya hau, a kaɗa wa ƙungiya ƙuri'a a intanet, a sayi kundin waƙa saboda ƙaramin hoton da ke ciki. Koriya tana gabanmu da awa 8. Sabuwar waƙar da aka saki ƙarfe 6 na yamma a can, a nan ƙarfe 10 na safe ne, tana aji. Wadda aka saki ƙarfe 1 na rana, a nan ƙarfe 5 na asuba ne. To ka ga inda salla da karatu suke shiga haɗari. Shigar wasu mawaƙan da rawarsu a bidiyo kuma sun saɓa wa tarbiyyarmu, wannan babu ɓoye-ɓoye.

Ka zauna da ita tare da mahaifiyarta, ka ce ta nuna muku waƙa uku da ta fi so da fassararsu. Ku yanke ƙa'ida a fili: waya ba ta kwana a ɗakinta, tana hannun mahaifiyarta daga bayan isha'i, awa ɗaya a rana bayan aikin makaranta da Islamiyya, ba a kashe ko sisi a kan ƙuri'a. Manhajar Family Link ta Google tana ba iyaye damar sa wa wayar yaro iyakar lokaci. Sauraron sauti kawai ya fi sauƙi ta kowace fuska, minti ɗaya bai cika wuce megabayit ɗaya ba, ga shi babu hoto. Hotunan bango a sauke su, dalilin kuma ka faɗa mata shi kai tsaye, wato hukuncin rataya hoto a gidan Musulmi. Hukuncin kiɗa kansa, ka koma ga malamin da gidanku yake bi, ita ma ta ji daga bakinsa.

Ƙwace waya ka bar shi ya zama mataki na ƙarshe, idan an karya ƙa'ida, kuma da wa'adi sananne, kamar mako guda. Idan aka fara da shi, yarinya takan koma aron wayar ƙawa, inda ba ka ganin komai. Maƙwabta kuwa, a gode musu a ce ana kula, ya isa. Kada a tsawata mata a gabansu don a faranta musu.

Ina koyon rawar K-pop, na sa bidiyo a TikTok. Mutanen da ban sani ba suka yi mini caa, wasu na kira na ɗan daudu, har bidiyon ya kai wurin yayana ta WhatsApp. Saurayi, Yauri.

Ƙanena, ka daina mayar da martani. Kowace amsa da ka rubuta tana nuna wa manhajar cewa bidiyon yana jan hankali, sai ta ƙara watsa shi ga wasu baƙin. Shiga saituna ka mayar da shafin na sirri, ka taƙaita sharhi ga abokai, ka kashe damar sauke bidiyo da damar haɗa shi da na wani. Akwai wurin tace kalmomi, ka zuba kalmomin zagin a ciki, sharhin da ya ƙunshe su ba zai fito ba. Ka sani kashe saukewa ba ya hana mutum naɗar fuskar waya, don haka abin da ba ka son kawunka ya gani kada ka ɗora. Kada kuma ƙofar gidanku, rigar makaranta ko lambar babur su fito a bidiyo. Wanda ya wuce zagi ya kai ga barazana, ka ɗauki hoton saƙon da sunan shafin kafin ka toshe shi, ka nuna wa babba a gida, in ta kama a kai wa 'yan sanda.

Yayanka kuwa kai za ka same shi, kada ka jira ya kira ka. Ka ji abin da ya ɓata masa rai, sau da yawa sunan gida ne ba rawar kanta ba. Idan da gaske kake son fannin, Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2010, tana koyar da harshen Koriya da taekwondo, tana kuma shirya gasar K-pop.

Wani ya turo mini saƙo a Instagram ya ce shi ɗan BTS ne, yana so na, amma in tura kuɗin katin zama mamba. Ƙawata ta ce ƙarya ne, muka yi faɗa. Budurwa, Talata Mafara.

Ƙawarki ta fi ki gaskiya, ki je ki ba ta haƙuri. Damfara ce. Mawaƙan nan suna magana da masoya a fili ne, ta shafukansu da aka tantance da manhajar Weverse, ba sa neman kuɗi a saƙon sirri. Kada ki tura kuɗi, ko hotonki, ko lambar BVN, ko lambar sirri da banki ya turo miki. Idan kin riga kin ba da bayanan katinki, ki kira bankinki yau a rufe katin, sannan ki toshe shafin ki kai ƙararsa a cikin manhajar.