Amsa ga mai son zama malamin koyar da hawan babur a Ingila

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce shekararka biyu kana kai wa mutane abinci a kan babur a Manchester da takardar CBT, yanzu kana so ka koma koyar da sababbin mahaya, ta ina za ka fara. Shekarata shida a wannan sana'a a Birmingham, bari in gaya maka abin da na gani.

Takardar da ke hannunka ba lasin ba ce, shaidar horon farko ce da aka wajabta tun 1990, kuma shekara biyu take yi ta mutu. Hukumar DVSA, mai kula da jarrabawar tuƙi da masu koyar da shi, ba za ta saurare ka ba sai ka cika shekara 21, kuma cikakken lasin babur ya shekara uku a hannunka. Wato ka ci jarrabawar kwamfuta, ka ci ta fili, ka ci ta kan titi, sannan a fara ƙirga maka. Don Allah ka yi jarrabawar da babur mai giya. Yawancin masu kai abinci sikuta suke hawa, wanda ya ci a kanta kuwa lasinsa bai wuce marar giya ba. Akwai kuma binciken DBS, wato a duba ko kana da tarihin aikata laifi, tunda har 'yan shekara 16 za su zo hannunka.

Daga nan ko dai makarantar da hukuma ta amince da ita ta horar da kai ka koyar a ƙarƙashinta, ko hukumar ta gwada ka da kanta. Ni da makaranta na fara, daga baya na je cibiyar hukumar a Cardington kusa da Bedford, gwajin kwana biyu, inda jami'in hukuma ke mayar da kansa ɗan koyo, yana kuskure da gangan ya ga ko idonka zai kama.

Amma ba takardu ne suka ba ni wuya ba. A Zariya na tashi, tun ina yaro nake hawan Jincheng ɗin yayana, babu wanda ya koya mini, hawa kawai aka ce in yi. Ranar da mai horar da ni ya ce in bayyana masa yadda ake sakin kuloci, sai na tsaya shiru. Hannuna ya sani, bakina bai sani ba.

Wata safiyar Janairu mai tsananin sanyi, wata yarinya 'yar shekara 17 ta yi ta kashe injin a fili, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Da na leƙa ta gilashin hular kwanonta, hawaye ne. Na ce ta sauko, muka sha shayi. Da muka koma na ce ta manta da totur, ta kasa kunne kawai: ta saki kuloci kaɗan-kaɗan har ta ji muryar injin ta yi ƙasa, ta riƙe a nan, ta bi babur ɗin da ƙafa. Kafin azahar tana zagaya robobin da muka jera. Da na ɗaga mata murya sau ɗaya, da ba ta dawo ba.

Kan titi kuma wani abu ne daban. Aƙalla awa biyu doka ta ce, ɗalibi biyu kacal, kana yi musu magana ta oba-oba. Ga naka babur, ga su, ga motoci a shataletale. Maganarka ta zama gajeriya, ta kuma zo da wuri. Idan ka jira sai ya isa kwana kafin ka ce ya waiga ta kafaɗa, ka makara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hana takarda. Wani ɗan ƙasarmu ya zo, washegari zai fara aiki, amma duk tsayawa sai ya damƙe birkin gaba kamar zai kife. Ya roƙe ni da Hausa, ya haɗa ni da Allah, ya ce iyalinsa na jira. Wallahi na ji tausayinsa, amma ban sa hannu ba, domin na san daren ruwan sama da zai fita aiki. Mai makarantar ya yi fushi, shi burinsa kowa ya biya ya tafi da takarda. Ban ƙara wata biyu a wurin ba. Mutumin ya dawo bayan mako guda, muka gyara birkin, ya wuce.

Tun yanzu ka nemi makaranta kusa da kai, ka roƙi su bar ka ka tsaya gefen fili ranar Asabar ka kalli yini guda, daga gwajin ido na safe har dawowa daga titi. Ka tambaye su kuma yadda aiki ke ja baya da hunturu, kafin ka saki na hannunka.