Wai man zaitun zai iya maye min ibuprofen?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Ina motsa jiki da safe, duk ranar da na yi gudu sosai washegari cinyoyina da gwiwoyina sai su yi tsami kamar an min duka, ibuprofen nake sha amma yanzu ya fara sa min ciwon ciki. Ƙawata ta ce in daina in koma shan man zaitun wai aikinsu ɗaya ne. Da gaske ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa. Toh ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, amma ta ɗan zuzuta abun. A cikin man zaitun na asali akwai wani sinadari da ake kira oliyokantal, shi ne yake sa ki ji ɗan yaji yana ƙaiƙayar maƙogwaro in kin sha mai kyau har wani lokaci ki yi tari. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka gano cewa wannan sinadarin yana toshe hanyar da jiki ke bi ya kunna kumburi da zafi, hanya ɗaya da ibuprofen yake toshewa. Daga nan maganar ta samo asali.

Sai dai fa ga inda gizo ke saƙar, su kansu masu binciken lissafin da suka yi shi ne giram 50 na man, wato wajen cokali huɗu na cin abinci, ƙarfinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 na abin da babba yake sha na ibuprofen ba, kinga kenan kafin ki kamo ƙwayar sai kin kwankwaɗi kusan rabin lita, kuma kowane cokali ɗaya kalori wajen 120 ne, ga zawo da zai biyo baya. Dan Allah kar ki gwada.

Amfaninsa na gaske a hankali yake zuwa, in ya zama cikin abincinki kullum. Wani babban bincike da aka yi a Sifaniya mai suna PREDIMED kan mutum 7,447 ya nuna waɗanda aka ɗora kan abincin yankin Bahar Rum da man zaitun sun samu raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin 100. Ni dai wannan ya fi burge ni akan batun tsamin jiki ma.

Ki nemi wanda aka rubuta extra virgin a jikinsa, don wanda aka tace an cire masa yawancin sinadaran nan, kwalbar ta zama mai duhu, ki ajiye nesa da rana da zafin murhu. Cokali ɗaya zuwa biyu a rana ya isa, ki sa shi a madadin wani man ba ƙari a kai ba.

Tsamin bayan gudu kuwa shi da kansa yake tafiya cikin kwana uku zuwa biyar in kina samun barci da ruwa da abinci mai gina jiki. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ciwon cikin nan ne, ibuprofen yana iya jawo gyambon ciki, ki dakatar da shi ki je ki ga likita, in kuma gwiwar tana kumbura ko tana zafi in an taɓa ki nuna masa ita ma.