Dalilin da ya sa gonakin Amurka suke murabba'i

Malam, ka tambayi abin da ya sa gonakin tsakiyar Amurka suke a yanke murabba'i idan an hango su daga jirgi. Tushen abin dokar filaye ce ta 1785, wadda ta sa masu awon ƙasa suka raba filin gwamnati gida-gida, kowanne mil 6 tsawo da faɗi, suka tsaga shi kashi 36 masu eka 640, suna jan sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66 suna kafa turaku a kusurwoyi. A 1862 kuma Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar bai wa magidanci eka 160, wato rubu'in ɗaya daga cikin waɗancan kashe-kashen, muddin ya gina gida ya noma wurin shekara 5. Sai dai yawancin filayen na ƙabilun asali ne da aka kora.